Ku Riƙe Allura, 'Ya'yana

'Ya'yana na Wagini, maza da mata, ina so mu yi maganar allura. Na san yanzu kowa hankalinsa na kan babur da waya, kuma ban ga laifinku ba. Amma ku dubi babbar rigar da liman ke sawa ranar Idi, ku dubi aljihunta da kyau. Wannan aska takwas ɗin, da tambarin da ke gefe, da ƙananan ramukan da aka zagaye da zare har suka zama kamar raga, wani ne ya zauna a zaure ya yi su ɗaya bayan ɗaya.

Aikin yana farawa da zayyana. A zana a jikin shadda, sannan a bi layi. Ramukan nan su ne wurin gwada mutum: ka huda da tsinin allura, ka zagaye bakin da zare, kowane ɗinki ya kwanta kusa da ɗan'uwansa. In ka ja da ƙarfi, yadi ya tattare. In ka sassauta, wanki ɗaya ya warware. Kuma mai sayen da ya san kaya ba ya tsayawa kan fuskar aiki. Juya rigar yake yi ya duba ciki, don nan ake ganin ƙullin da aka bari da zaren da aka tsallake. Ku wanke hannu kafin ku taɓa farin yadi, musamman in an ci ƙosai. Tabon mai ba ya jin roƙo.

Za ku ce keken surfani da ɗinkin kwamfuta sun kashe kasuwa. Sun rage ta, gaskiya ne. Sai dai har gobe a kasuwar Kurmi ta Kano da cikin birnin Zariya, aikin hannu kuɗinsa daban ne, kuma sarakuna da angwaye shi suke nema. Hular da ƙannenku mata ke ɗinkawa a tsakar gida ma haka take.

Akwai wani abu kuma. Kun ga shekarun da gonakin da ke kusa da dajin Rugu suka gagari masu su. Kun tuna 2021, da aka rufe layukan waya a Batsari da Safana, masu cajin waya da sayar da kati suka zauna haka nan. Mai allura bai tsaya ba, don ba ya neman fetur, ba ya jiran wuta.

Kada ku fara da riga. Ku nemi ƙyalle, ku cika shi da ramuka har hannu ya faɗa, sannan ku koma hula. In kun gama, ku lissafa zare da kwanakin da kuka ci kafin ku faɗi kuɗi, kar dillali ya yanka muku. Tsofaffin da suka iya aikin idonsu ya fara rauni. Ku je ku zauna wurinsu bayan la'asar, ku zura musu zare a allura, su nuna muku. Allah Ya yi muku albarka.