Darasi: Intanet a lakwal

A shekarar 1964 Nijar ta soma koyar da yara ta telebijin. Yau ga intanet ta zo. Tana kawo rubutu, hoto da murya nan take. Lakwal da ba ta da littattafai, malami zai samo darasi cikinta.

Kai ta ƙauye akwai tsada. Kamfani ba ya zuwa inda babu riba. Shi ya sa aikin ya hau kan gwamnati. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai ta ƙauyukan Nijar.

Amma ba ta aiki sai da lantarki. Inda aka kafa farantin hasken rana, tsaronsa na ƴan gari ne. In aka sace shi, yara ke hasara.

Tambaya: don mi aikin ya hau kan gwamnati?