Tana Rera Littafin Kamar Waƙa, Amma Gwangwanin Madara Ya Gagare Ta

Assalamu alaikum Gwaggo,

Ni matar aure ce a garin Dambam, 'ya'yana huɗu, biyu ne suka isa makaranta: Ummi mai shekara tara tana aji huɗu na firamare, sai ƙaninta Abba a aji biyu.

Tun da Ummi ta shiga makaranta ba ta taɓa wuce ta biyar a jarrabawa ba. In ta buɗe littafin Turancinta sai ki rantse rediyo aka kunna, har maƙwabta kan turo 'ya'yansu su saurare ta. To a hutun da ya wuce ƙanin maigidana da ke karatun koyarwa a Azare ya zo gida. Muna karyawa ya miƙa mata gwangwanin madara ya ce ta karanta abin da ke jiki. Shiru. Ya tsamo kalmomi biyar daga cikin littafin nata, ya rubuta su a takarda ba bisa jerinsu ba. Ko ɗaya ba ta gane ba. Ashe duk shekarun nan hadda take yi. Wallahi Gwaggo ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Babansu ya fusata, ya kafa doka: daga la'asar zuwa isha ba mai yin Hausa a gidan. Ni kuwa firamare kaɗai na gama sai Islamiyya. Hausa dai ina karanta ta tiryan-tiryan, amma Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Yanzu da an yi la'asar gidan sai ya yi tsit kamar gidan makoki. Ya ɗauko mai lesin muna biyan dubu huɗu a wata, shi kuma aikinsa ya cika allo da rubutu ya ce su kwafa. Kuma ya ce bayan salla zai kai Ummi Azare wurin yayarsa a sa ta makarantar kuɗi. Raina bai kwanta ba, amma ban san me zan ce masa ba tunda ni ba 'yar boko ba ce. Akwai abin da irina za ta iya yi wa yaran nan a gida, ko in zuba ido kawai?

Taki,
Maman Ummi, Dambam

*

Wa alaikumus salam Maman Ummi,

Ki fara da yi wa ƙanin mijin nan naki addu'a. Gwangwanin da ya miƙa ya fi muku katin sakamako takwas amfani. Na ga yaran da ba a gano haddarsu ba sai a zauren jarrabawar fita sakandare, lokacin da gyara ya yi tsada.

Kuma kada ki ɗauka Ummi daƙiƙiya ce. Yarinyar da ta haddace littafi sukutum a harshen da ba ta ji, ƙwaƙwalwarta garau take. Hanya aka ɓatar mata, kuma ba ita kaɗai ba. A 2013 an gwada karatun 'yan aji biyu da aji uku a makarantun gwamnati na jihohin Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar USAID ta Amurka, aka tarar mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya, ba ma da Turanci ba, da Hausar da suke yi a tsakar gida. Wannan na cikin abin da ya sa daga baya aka fito da littattafan nan masu suna Mu Karanta! na Hausa da abokan tafiyarsu Let's Read! na Turanci, aka raba a makarantu da dama na jihohin biyu. Ki tura a tambayi hedimasta ko akwai ragowarsu a sito. Sau da yawa suna nan a kwali, gara na shagali.

Akwai abin da ba ki faɗa min ba, kuma shi ne tambayata ta farko: Ummi tana iya karanta Hausa? Yau ɗin nan ki rubuta mata "Kaka ta dafa wake" a takarda ki miƙa mata. In ta yi turus, to matsalarta ba Turanci ba ce tukuna. Ba ta gano sirrin cewa kowane harafi sauti yake ɗauke da shi, kuma haɗa sautukan ake yi kalma ta fito ba. Wannan sirrin sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma ya fi sauƙin kamawa a harshen da yaro ke mafarki da shi. Ke da kika ce kina karanta Hausa tiryan-tiryan, ke ce malamar da ta dace, ba mai lesin ba.

Kin ma san hanyar, don kin bi ta. Tuna makarantar allo: ba a ɗora yaro kan sura sai ya yi babbaƙu, alu, ambaki, wau, zal, sannan ya yi farfaru ya ji yadda wasali ke juya baƙi. Abin da Turawa ke tallatawa yau da sunan Jolly Phonics, mai sautuka 42, wanda aka horar da malaman firamare da yawa a kai a ƙasar nan, babbaƙu da farfaru ne aka sa wa kwat. Ki samo allo ko bayan tire da gawayi. Ba, be, bi, bo, bu. Ka, ke, ki, ko, ku. Sai ki haɗa: ba da ki, baki. Ko da ko, koko. Rubutun Hausa ba ya yaudara, yadda aka rubuta haka ake faɗa, saboda haka yarinya mai kaifin Ummi cikin 'yan makonni za ki ji ta fara tsintar kalmomi da kanta. Abba ya zauna kusa, ya sha a ɓagas. Ranar da ta karanta miki shafi guda na Magana Jari Ce ba tare da ta taɓa jin sa ba, kin gama rabin aikin Turanci.

Na ce rabi da gangan, domin yawancin baƙaƙen da ta koya za su bi ta zuwa Turanci da sautinsu: b, d, h, k, l, m, n, s, t, w, z, har da sh ɗin shanu, shi ne dai a ship da fish. Inda za a yi gumi wurare ne ƙalilan, kuma gara ki san su don kada ki zaci iskanci take yi.

Na farko p da f. Mu Hausawa ba mu raba su ba, shi ya sa pan da fan ke zame mana abu ɗaya. Ki ba ta madubi. A p leɓɓa biyu ke haɗuwa su fashe, a f haƙoran sama ke sauka kan leɓen ƙasa iska ta zirara. Ki riƙe ɗan ƙyallen takarda gaban bakinta: in ta faɗi p daidai takardar za ta yi tsalle. Yara na son wannan wasa har sai kin gaji. Na biyu harafin c. A wurinmu shi ne na ci da ciki, amma Bature in yana son wannan sautin ch yake rubutawa, c ɗinsa kuwa yau k ne kamar a cat, gobe s ne kamar a city. Na uku baƙaƙe masu cunkuso ba wasali a tsakani. Bakinmu ba ya son su, shi ya sa kakanninmu suka mai da bread burodi, brush ya koma buroshi. A Hausa daidai ne, amma in tana karanta stop kada ta ce sitof. Ta ja s ɗin kamar kukan maciji sannan ta faɗa kan t.

Wasulan Turanci kuwa, sai haƙuri. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka wajen 44, don haka a ɗin da ke cat ba shi ne na cake ba, ba kuma shi ne na car ba. Kada a tara mata su rana ɗaya. A fara da gajerun kalmomi masu bin doka, irin su sat, pin, tap, man, bed, ta riƙa faɗin sautin, ba sunan harafin ba. Nan ne waƙar "A for apple" ta cuce mu: yaro ya ce si, e, ti har gobe, cat ba za ta fito daga ciki ba. Akwai kuma 'yan tawaye da ba sa bin kowace doka, kamar the, was, said, you, one. Su kam a rubuta a gutsuren kwalin sabulu a haddace, uku a mako. Ga inda baiwar haddarta za ta yi rana.

Za ki ce, to ni da ban iya furta su ba fa? Nan ɗalibin Azare zai biya kuɗin shayinsa. Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh ko wata ce yake, koyarwa dai yake koyo, ga 'yan gwaji kyauta. Duk mako ya turo saƙon murya ta WhatsApp, ya karanta kalmomi goma da ɗan gajeren labari a hankali. Akwai shafin intanet mai suna African Storybook da ke da ƙananan littattafan yara kyauta, da Turanci da Hausa da wasu harsunan Afirka. Ya sauke muku kaɗan a waya, ko ya buga a takarda in zai zo. Ummi ta saurara tana bin rubutun da yatsa, sannan a kashe wayar ta karanta da kanta. Naki aikin shi ne tambaya ɗaya wadda ba mai hadda da ke iya tsallake ta: "To, me aka ce? Faɗa min da Hausa." In ta ba ki labari mai kai da gindi, ta fahimta. In ta maimaita miki Turancin, ba ta fahimta ba. Wani lokacin ki sa ta fara daga layin ƙarshe ta yi sama, ko ki rufe hoton da tafin hannu.

Kada ki raina abin da ke cikin ɗakin girkinki. Ledar Indomie, gwangwanin Peak, kwalin ashana, buhun shinkafa, allunan shaguna da rubutun bayan manyan motocin da ke bin hanyar Azare zuwa Potiskum, duk littafi ne wanda ba a haddace ba. Ki kuma nuna mata cewa ta riga ta san Turanci fiye da zatonta: bokiti, tebur, fensir, mota, duk aro muka yi. Ta rubuta na Turancin a takarda ta liƙa a jikin kayan.

Minti goma sha biyar a rana ya isa, amma kullum. Yaran da suka yi boko da safe, Islamiyya da yamma, wasu har da allo da dare, ba su da sauran mai a tanki na awa biyu. Kuma a ajiye bulala. Lokacin da nake koyarwa na yi zamani da dokar banakula, wadda duk yaron da aka kama yana Hausa sai ya sha dorina ko ya biya tara. Ban ga ta haifar da mai Turanci ko ɗaya ba, bebaye dai ta haifar, kamar yadda gidanki ya koma yanzu.

Wannan ya kawo mu kan maigida. Damuwarsa gaskiya ce: jarrabawar shiga sakandare, WAEC, JAMB, duk da Turanci ake yin su, kuma ita kanta gwamnati ta kasa tsayawa wuri ɗaya. A 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu, ɗan Azare, yake ministan ilimi, aka amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa. A 2025 ministan ilimi na lokacin, Tunji Alausa, ya ce an soke, a koma Turanci. Amma tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci yana darasi guda, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba. Harshen gida bai taɓa cinye gurbin na makaranta ba. Kada dai ki tare shi da wannan lacca. Ki bar ƙaninsa ya faɗa masa, ke kuma ki roƙi a mai da dokar awa huɗu ta koma kwata guda ta Turanci bayan magariba, shi ma ya zauna a ciki in yana gari.

Mai lesin kuma, kwafe rubutu daga allo zane ne. A ce masa ya koma yi musu shifta: ya faɗi kalmar da ba su gani ba su rubuta, kuma kowane yaro ya karanta masa shi kaɗai, ba a yi amshi gaba ɗaya ba. In ya ƙi, dubu huɗun nan ta sayi littattafai.

Batun Azare ni ban goyi baya ba, a yanzu dai. Makarantar kuɗi wata ta iya, wata kuwa haddar ce dai a cikin yunifom mai tsada. Kuma ke ma kin san yadda riƙo yake: 'yar shekara tara a gidan da ke da ƙananan yara, komai kirkin gwaggonta, ita ce 'yar aike da raino. Ki nemi alfarmar zango ɗaya. In ya ƙare kuna yi kullum ba ta motsa ba, kafin a yi maganar sauya makaranta a kai ta asibiti a duba idonta da kunnenta. In kuma maigida ya dage sai an kai ta, to ƙaninsa ya fara zuwa makarantar da gwangwanin madara a aljihu, ya roƙi a kira masa 'yan aji uku guda biyu.

Gwaggonku