Kuzar Riruwai da Rigar Gwangwani

Tun kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa ta yanzu, sun ƙware wajen haƙar kuza da narkar da ita, su zuba ta sirara kamar tsinke su kai kasuwa. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan wannan ma'adini a yau shi ne kare abinci. Gwangwanin madara ko na tumatir baƙin ƙarfe ne. Kuza riga ce kurum da aka sa masa don kada tsatsa ta ci shi.

A da, tsoma fallen ƙarfe ake yi cikin narkakkiyar kuza, hanyar da ke da ɓarna ƙwarai. Da Japan ta mamaye Malaya a 1942, kuza ta yi wuya a Amurka da Ingila, sai masana'antu suka rungumi hanyar lantarki.

Ga yadda abin yake. Akan nutsa sandar kuza da fallen ƙarfe cikin ruwan sinadari mai ɗauke da gishirin kuza. Sandar a haɗa ta da kan batir mai alamar ƙari, fallen kuma da mai alamar ragi. Da wuta ta ratsa, sai sandar ta riƙa zaizayewa, ƙwayoyin zarrarta su bi ruwan su lafe a jikin fallen. Michael Faraday ya tabbatar a wajejen 1833 cewa nauyin ƙarfen da ya lafe daidai yake da yawan wutar da ta wuce. Amfiya ɗaya cikin awa ɗaya takan shimfiɗa kuza kimanin giram 2.2.

Wannan ƙa'ida ita ce ta ba masana linzamin aikin. Kaurin rigar gwangwani yakan tsaya kusan nanomita 400, alhali silin gashi ya kai 80,000. Nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Idan aka shimfiɗa tankaɗe mai ƙananan huduji a kan fallen, ƙarfen yakan tsiro ta cikinsu ya zama wayoyi da ido ba ya gani. Masu bincike na gwada irin waɗannan wayoyi na kuza a batirin litiyam.

Ashe darajar kuza ba a ramin haƙa ta tsaya ba. Wanda ya sayar da ita ɗanya a buhu, ya sayo gwangwani, ya biya kuɗin ilimin da ya shimfiɗa ta.