Kafin a sauya wa uwar garke manhaja, a killace bayanan manoma

Daga Kura zuwa Bunkure, duk inda ruwan Tiga ya kai, lissafi yana ta komawa cikin kwamfuta. Injinan casar shinkafa da dama suna da uwar garke a wani ɗan ɗaki, ita ke riƙe da nauyin shansherar da ta hau sikeli, da sunan wanda ya kawo, da bashin taki da iri da manomi zai biya bayan girbi. Kula da irin waɗannan na'urori shi ne sana'ata.

Tun da aka daina tallafa wa manhajar CentOS 7 ranar 30 ga Yuni, 2024, jama'a ke komawa AlmaLinux ko Rocky Linux ko Ubuntu, kuma hakan ya dace. Wajen sanya sabuwar manhaja, yawancinmu ba ma zama gaban allo muna amsa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Fayil ake rubutawa, a zuba a filasha, a kunna, a tafi sallah, a dawo an gama. To, irin waɗannan fayiloli na Kickstart da ake kwafowa daga intanet, galibi don sabon faifai aka tsara su, shi ya sa za ka ga layin clearpart --all a ciki. Wannan layi yana share kowane sashe na kowane faifan da na'urar ta gani, babu tambaya. Kamar ka tura tarakta ta yi haro ne ba ka nuna wa direba fangalin da ka yi rainon iri ba.

An taɓa kirana wani inji bayan hakan ta auku. Sabuwar manhaja na aiki lafiya lau, lissafin kaka kuwa babu shi babu alamarsa. Na tarar da akawu ya baje tsofaffin rasidai a kan tabarma, wani dattijo na tsaye a kansa yana cewa, "Ɗana, duba dai da kyau, ni na san na biya."

Maganin ba shi da tsada. Tun farko a ware wa bayanai sashensu daban da na manhaja. A Kickstart, a yi amfani da clearpart --list a ambaci sassan da za a share kaɗai. Sashen bayanai kuma a kira shi da --onpart tare da --noformat. A nan mutane ke faɗawa rami, domin --onpart shi kaɗai yana nufin a yi amfani da sashen, amma za a yi masa fomatin. A tsarin Ubuntu na sabar, daga fitowar 20.04 zuwa yau, ana rubuta preserve: true a kan faifan, da sashen, da tsarin fayilolinsa, a kuma tabbata babu umarnin wipe a wurin.

Kada a dogara da sunaye irin sda da sdb. Suna iya musanya idan aka sake kunna na'ura, wani lokaci ma filashar da ka soka ce ke karɓe sda. A duba lsblk -f, a ɗauki lambar UUID ko sunan da ke cikin /dev/disk/by-id. Ni dai idan bayanan suna kan faifai na daban, zare wayarsa nake yi gaba ɗaya sai an gama. Wasu na yi mini dariya, su ce aikin gargajiya ne. Na yarda.

Duk da haka sai an kwafi bayanan a wani faifai, an buɗe kwafin an ga yana karantuwa, sannan a gwada fayil ɗin sanya manhajar a VirtualBox kafin a kusanci na'urar gaske.

Alhazai masu injina, kada ku bari a yi wannan aiki ana tsakiyar karɓar shinkafa. Kuma kafin injiniya ya soka filasha, ku ce ya nuna muku sashen da ba za a taɓa ba, da inda ya ajiye kwafin.