Kauci: tsiron da ke zaune bisa icce

Manoma da masu garka, ku ɗaga kai ku dubi itatuwanku. In kun ga wani curin ganye dabam da na iccen, mai jajayen furanni kamar tsinken ashana, to kauci ne.

Kauci ba shi da saiwa cikin ƙasa. Cikin reshe yake kafa saiwarsa, yana shan ruwa da abincin da iccen ya jawo. Wurin da ya kama yakan kumbura. Sannu a hankali reshen ya bushe, ƴaƴa su ragu. In ya yi yawa, iccen yakan mutu. Yana kama lemu, gwaba, kaɗe da gawo.

Tsuntsaye ne ke yaɗa shi. Sukan ci ƴaƴansa, ƙwayar mai danƙo ta manne ga wani reshe, ta tsira.

Tsinke ganyensa kawai ba ya isa, domin zai sake tohowa. A sare reshen da adda mai kaifi, kamu guda daga kumburin zuwa wajen gindi. A yi aikin tun ƴaƴansa ba su nuna ba. Ku gaya wa maƙwabta su ma su sare nasu, domin tsuntsu bai san iyakar gona ba.

Tambaya: Mine ne ke kai kauci daga icce zuwa icce?