Me Ya Sa ESP32 Ke Cewa Manhaja Ta Yi Girma?

Mai koyon haɗa na'urori da allon ESP32, wanda kamfanin Espressif ya fitar a 2016, yakan ci karo da wannan: ya rubuta 'yar manhaja mai amfani da Wi-Fi da Bluetooth a Arduino IDE, sai ta ƙi hawa, wai ta yi girma. Alhali yawancin allunan suna da ma'adanar megabait 4.

Dalilin yana cikin saitin asali. An yanka ma'adanar gida-gida: ɗakuna biyu na manhaja, kowanne bait 1,310,720, sai kusan megabait 1.5 na fayiloli. Ɗaki na biyun ba ɓarna ba ne. A cikinsa ake sauke sabuntawa ta intanet yayin da tsohuwar manhajar ke aiki, kamar yadda wasu wayoyin Android ke yi. Ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, na'urar za ta tashi da tsohuwar.

Gyaran yana ƙarƙashin Tools, a Partition Scheme. Huge APP yana ba manhaja megabait 3, amma ya soke sabuntawa ta intanet. Duk gyara sai an jona kebul ɗin USB. Ga na'urar da za a maƙala a saman tankin ruwa, wannan wahala ce. Minimal SPIFFS ya fi dacewa da ita: megabait 1.9, kuma sabuntawar tana nan, wurin fayiloli ne kawai ya ragu.