Ka Taka Unguwar Azhar da Ƙafarka

Ɗana, tunda Allah ya nufe ka da karatu a Alƙahira, kada zamanka ya ƙare tsakanin ɗakin kwana da aji, kana leƙen gari ta tagar mota. Ka ware yini guda, ka sa takalmi mai sauƙin cirewa, domin za ka yi ta tuɓe shi a bakin masallatai.

Fara da masallacin Azhar kansa. Jauharus Siƙilli, sarkin yaƙin Faɗimawa, ya aza harsashinsa a 970, aka fara sallah a cikinsa a 972. Za ka shiga ta Ƙofar Wanzamai, inda a da ake yi wa ɗalibai aski. In ka kai farfajiyar farin marmara, ɗaga kai ka dubi hasumiyoyin, ka ga yadda kowane mai mulki ya zo ya ƙara tasa: ga ta Sarki Ƙaitabai, ga ta Sarki Guri mai kai biyu. Kada ka yi gaggawa a nan. Nemi dattijo ya nuna maka ruwaƙai, wato sassan da a da ake sauke ɗalibai, kowa da 'yan ƙasarsu. Barebari ma sun taɓa samun nasu. A da, a jikin ginshiƙan masallacin shehunai ke jingina, ɗalibai a ƙasa sun kewaye su, kamar dai karatun zaure na gida.

Daga nan ka bi Titin Mu'izzi. Tsaya a ginin Sarki Ƙalawun na 1285, wanda ya haɗa makaranta da asibiti da hubbare wuri ɗaya. A kasuwar Khan Khalili kuwa ka riƙe aljihunka. Da zarar sun ji harshenka kuɗin kaya ya ninka, sai ka taya ba kunya.

Bayan la'asar ka hau Lambun Azhar. Juji ne da aka shekara ɗari biyar ana zuba masa shara, har gidauniyar Aga Khan ta mayar da shi lambu mai faɗin hekta 30, aka buɗe shi a 2005. Wajen kwashe tarkacen ne ma ganuwar zamanin Salahuddin ta bayyana. Ana biyan kuɗin shiga, amma ni dai ban ga asara a ciki ba.

Ka tafi da aboki da gorar ruwa, kuma kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izininsa. Allah ya yi maka albarka, ya ba da ilimi mai amfani.